Barkonon da Zomo Ya Ƙi Dasawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta!

Matar Zomo ce ta samu ciki, sai ya ce shi da hannunsa zai noma mata yajin jego. Ya watsa irin barkono a bayan gida, ya tsiro cunkus.

Maƙwabciyarsa, tsohuwa Bushiya, ita ma ta shuka nata. Da ya ɗan tasa, sai ta ciccire ta dasa ɗai-ɗai. Washegari duk ya yi yaushi.

Zomo ya leƙo ta kan danga, ya kwashe da dariya. "Iya, kin kashe shi! Abin da ya kama ƙasa, wa ke tumɓuke shi?"

Ta ce, "Ɗan nan, cire naka ka dasa, wurin ya yi masa kaɗan."

Ya ce a'a, shi ba mugu ba ne.

Kaka ta yi, matar ta haifi 'ya'ya takwas. Zomo ya ruga bayan gida, ya tarar da barkononsa sirara, ko ƙwaya ɗaya babu. Mai jego kuwa bakinta ba ɗanɗano, ta ƙi abinci, nono ya ƙi zuwa, jarirai sai kuka.

Sai ga Bushiya da ƙwarya cike da dakakken yaji. Aka barbaɗa a miya mai zafi. Mai jego ta sha, gumi ya karyo mata, ta ce a ƙaro. Kafin la'asar jarirai sun yi shiru a kan nono.

Zomo ya durƙusa. "Iya, ba barkononki ne na ga ya yi yaushi ba?"

Bushiya ta nuna mai jego. "Ita wannan, ranar da aka kawo maka ita, ba kuka ta yi ba? Ƙirga abin da ta ba ka."

Ƙurunƙus kan kusu! Wanda ya ce ƙarya ce, ya tauna ɗanyen barkono.