Tandar Iya Delu a Ƙasar Sanyi

Ku da kuke ganin duk wanda ya hau jirgi ya tafi Turai ya rabu da wahala, ku matso ku ji wannan. In na gama, ku za ku yanke hukunci.

Akwai wata mata 'yar Bauchi, sunanta Lantana, tana aikin jinya a wani gari can arewacin Ingila. Mahaifiyarta, Iya Delu, mai masa ce tun tana budurwa, kuma da tanda ta raini 'ya'yanta uku bayan rasuwar ubansu. Da ɓarin jikinta na dama ya shanye, Lantana ta ɗauko ta ta kawo ta wurinta, tun da ƙannenta biyu, Tanko da Sallau, su ma a ƙasar suke neman abinci. Magani kam an samu. Amma tsohuwa sai ta wuni a keken guragu tana kallon taga, abinci sai an lallashe ta, kullum ƙara ramewa take yi.

Wata rana Lantana ta durƙusa a gabanta ta ce, "Iya, don Allah ki faɗa mini abin da kike so."

Iya Delu ta ce, "'Yar nan, ni dai in ga hannuna a kan tanda ko sau ɗaya. Tun da na zo ƙasar nan ban tsinana wa kowa komai ba."

Maganar ta soki zuciyar Lantana, ta yi alkawarin sai Iya ta soya masa kafin ta Allah ta kasance. Murhun gidan a jikin bango yake, ya yi wa mai zaune tsayi, don haka ta sa kafinta ya kafa gajeren tebur a tsakiyar kicin, yadda keken zai shige ƙarƙashinsa, aka ɗora murhun lantarki a kai. Da farko a kan daɓe suka jawo wayar wuta. Ranar gwaji wayar ta naɗe a tayar keken, ta fizgo murhun, saura ƙiris ya faɗo wa tsohuwa a cinya. Dole dai a binne wayar. To, a nan matsalar take: gidajen can da bututun ruwan zafi ake ɗumama su, an shimfiɗa shi yana kai da kawowa a cikin siminti ƙarƙashin tayil. Wanda ya gina gidan ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya san ta ina bututun ya bi. In aka huda shi a tsakiyar sanyi, gida ya zama ba ya zaunuwa.

Lantana ce ta samo dabara. Ta kashe ɗumin gidan gaba ɗaya har daɓen ya yi sanyi ƙalau, ta lulluɓe Iya da duk bargon da ke gidan. Sannan ta sake kunnawa, ta shafe tayil da jiƙaƙƙen tsumma, ta yi ruf da ciki tana kallo. Inda bututu ya bi shi ne ya fara bushewa, tana bi tana zanawa da alli, har ta gano wata siririyar hanya tsakanin bututu biyu daga bango zuwa tebur. Sai dai a wunin sanyin nan Iya ta fara tari. Lantana ma'aikaciyar jinya ce, ta san irin tarin, tun daga lokacin kuma hankalinta bai sake kwanciya ba.

Tanko direban tasi ne, shi ya karɓi sassaƙar hanyar. Inji ba ya shiga wurin, in ya kauce da faɗin yatsa an gama. Da guduma da kurfi ya bi zanen yayarsa a durƙushe, yana ɓantarar siminti kaɗan-kaɗan har gwiwoyinsa suka kumbura. Ya kusa tebur sai wani ɓarɓashin tayil ya yi tsalle ya shige masa idon hagu. Lantana ta ce su tafi asibiti, shi ko, da taurin kan nan nasa, ya ɗaure idon da tsumma ya ce sai ya ƙarasa. Ya ƙarasa ɗin bai taɓa bututu ba. Idon ne bai dawo ba, tuƙin tasi ma aka hana shi.

Sallau, autansu, shi kaɗai ya koyi aikin wuta, amma a wani gari mai nisa yake, maigidansa kuma ya hana shi hutu. Ya baro aikin ba izini ya kamo hanya. Da ya buɗe bango sai ya tarar tsohuwar wayar kicin ɗin ba ta da layin da ke zubar da wuta ƙasa in ta ɓalle. Da a haka aka haɗa, tsohuwa da jiƙaƙƙen hannu a kan keken ƙarfe, taɓawa ɗaya ta ishe ta. Ya sake layin tun daga tushe, ya zura waya a ramin Tanko, ya rufe. Kafin siminti ya bushe labari ya iso cewa an ba wani aikinsa, ga shi izinin zamansa a ƙasar da aikin yake rataye.

Ranar da aka kunna murhu, Lantana ta turo Iya gaban tebur, ƙullu ya tashi, tandar ƙarfe ta yi zafi. Tsohuwa ta ɗiga mai da hannun hagu, ta zuba ƙullu a gurbi ɗaya, ta juya shi da kanta. Fuskarta ta washe yadda ba su taɓa gani ba a ƙasar. Da za ta zuba na biyu, tari ya turnuƙe ta, ludayin ya suɓuce. Ta nuna masar da ta soyu ta ce, "Wannan ta wanda ya fi shan wahala a kaina ce. Kada ku raba ta."

Daga nan asibiti aka wuce da ita, ba ta kuma dawo gidan ba. Masar na nan Lantana ta adana a firji, ta kasa ci, ta kasa miƙa wa kowa.

To jama'a, tsakanin wadda ta gano hanya ta zauna da zargin kanta, da wanda ya sassaƙa ya rasa ido, da wanda ya haɗa wuta ya rasa wurin zama, wa za a ba masar nan?