Waken Bakin Tagar Kuluwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

An yi wata shekara a garin Tudun Gawo, yunwa ta yi tsanani har mutane suka cinye irin shuka. Damina ta ƙarato, rumbuna wayam.

A garin akwai wata yarinya gurguwa, sunanta Kuluwa. Wata rana tana shara, ta tsinci wake ƙwaya uku. Cikinta na ƙugi, amma ba ta ci ba. Tun da gona ta fi ƙarfinta, sai ta zuba ƙasa a fasasshen kasko, ta binne waken, ta ɗora a bakin tagar ɗakinta. Ruwan shanta moɗa ɗaya ne a wuni. Ta sha rabi, ta ba wake rabi. Kullum haka.

Wake ya tsiro, ya yi yaɗo, ya nannaɗe taga, ya fitar da kwanso uku.

Kaza ta yi tsalle za ta tsattsaga. Wake ya ce, "Kaza, kin taɓa ba ni ruwa?" Kaza ta faɗo tim, ta ruga tana kyarkyara.

Akuya ta taka turmi, ta miƙa wuya. Wake ya ce, "Akuya, kin taɓa ba ni ruwa?" Akuya ta hantsila, ba ta tsaya ba sai ƙofar Dagaci Tanimu, ta kwashe labari ta gaya masa.

Dagaci ya zo, jama'a na biye. Ya ce duk abin da ya tsiro a garin nan nasa ne. Kuluwa ta roƙe shi ya bari ya bushe a samu iri. Wake ya ce, "Dagaci, ka taɓa ba ni ruwa?" Kowa ya riƙe baki. Dagaci ko a jikinsa. Ya tsinke kwanson nan uku, ya tauna ɗanye, ya haɗiye.

Washegari ganye ya leƙo ta kunnensa na dama. Matansa suka yi salati. Kwana biyu, ya leƙo ta na hagu. Kwana uku, yaɗo ya naɗe rawani, ya sauko wuya. Wanzami ya yanke ɗaya, biyu suka fito, ya jefar da aska ya gudu. Sai ganye ya fara yaushi, Dagaci ma yana yaushi. Aka yi ta kwara masa ruwa a banza, har ya kasa tsayuwa.

Wake ya ce, "Ni ruwan mutum ɗaya na sani."

Aka ɗauko Dagaci ranga-ranga zuwa gidan Kuluwa. Ta dube shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya noma ba sai a bakin taga."

Fadawa suka dubi juna. Suka ciccibi Dagaci, suka ɗora shi a bakin taga, ƙafafu na reto. Kuluwa ta sha rabin moɗa, ta zuba masa rabi a ka. Nan take ganye ya miƙe, Dagaci ya buɗe ido.

Kwana arba'in yana zaune a wurin, gari duka na zuwa kallo. Wake ya nuna, ya bushe. Kuluwa ta yi ta tsinka daga kunnuwansa, ta raba wa kowane gida iri. Da ta tsinke kwanson ƙarshe, yaɗo ya kakkaɓe. Dagaci ya sauko, ya durƙusa gabanta.

Wanda ya shayar da shuka, shi ke da girbi.

Ƙurunƙus, kan kusu, tatsuniya ta koma gidansu.