Tafkin da Ba Ya Jin Wasa

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, an yi wani fari da ya ƙafar da rijiyoyin ƙasar arewa, har mata suka koma tonon yashin rafi da sakaina. A cikin waɗanda farin ya kora daga garinsu akwai wani maharbi mai suna Nomau. Makaɗa suna yi masa kirari da "Nomau mai bin sawu a kan fa, ƙaya a tafin giwa, na Tamu ba ka dawowa hannu sake." Tamu ɗin goggonsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, tare da ɗanta Arzika. Ka ga ke nan Nomau da Arzika taubasai ne, kuma ƙwarya ɗaya suka sha.

Wata rana Nomau yana yawon farauta ya ga gwanki da ɗanyar laka a kofato. Bai harbe shi ba. Ya bi shi a hankali ta cikin sarƙaƙiya, har suka ɓullo bakin wani tafki mai faɗi, bado ya rufe gefensa, ga wata tsamiya tsaye a kan tudu. Ya durƙusa zai sha, sai wani tsohon kada mai gansakuka a gadon baya ya taso, ya yi masa magana da harshen mutane.

"Maharbi, sha. Ka kawo mutanenka ma su sha, su yi wanka, su kama kifi. Abu ɗaya zan gaya maka. Ni ba ni da taubashi. Abin da aka faɗa a kan ruwan nan, shi na ji."

Nomau ya ce ya yarda. A zatonsa kadan yana nufin rantsuwar ƙarya, shi kuwa ba maƙaryaci ba ne, don haka bai riƙe maganar da nauyi ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ya koma ya kwaso danginsa, suka kafa bukkoki a bayan tsamiyar, wurin ya zama Tungar Nomau. Da damina ta dawo, rumbuna suka cika, sai tafkin ya tashi daga wurin ceton rai ya zama wurin shaƙatawa. Duk kaka, idan an gama ɗaurin dawa, ƙauyuka sukan ɗunguma zuwa can. Mata su zo da fura da dambu, samari su hau gora su yi tseren iyo, 'yan mata su yi gaɗa a kan yashi, tsofaffi su haƙa gurbin dara a inuwa, ƙanshin gasasshen kifi ya cika wurin.

A irin wannan taro ba wanda ya kai Arzika ban dariya. Masaƙi ne, bai taɓa riƙe baka ba, amma bakinsa ya fi kibiya kaifi, kuma Nomau ne abin harbinsa. Idan makaɗa suka ɗauko kirarin Nomau, sai ya tsoma baki ya ce, "Ku ƙara da maharbin gafiya. Bawana ne, ni na aike shi neman ruwan." Nomau ya yi dariya ya ce, "Goggo, da kin bar ni na sayar da wannan, ko akuya a samu." Tamu takan ce, "Ku dai kuka sani." Akwai shekarar da Arzika ya yi ihu a cikin ruwa wai kada ya kama shi, Nomau ya faɗa da rigarsa da layunsa, ya tarar da shi tsaye, ruwa iya gwiwa. An daɗe ana ba da labarin.

Shekarar da abin ya faru, da hantsi ne, taro ya cika. Arzika ya yi iyo zuwa wajen bado zai tsinko wa 'yarsa fure. Saiwoyi suka harɗe masa ƙafa, goran da yake kai ya kuɓuce. Ya ɗago kai ya yi kira.

"Nomau! Taho, ya riƙe ni!"

Nomau yana zaune a bakin ruwa, ƙafafunsa a ciki, yana ɓare kifi. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi suna murmushi, kowa ya tuna da bara waccan.

"Ba ka sake jiƙa mini riga," in ji shi. Sa'an nan ya ɗaga murya. "Ruwa, riƙe shi da kyau. Na ba ka shi kyauta, dama hatsina yake cinyewa."

Aka fashe da dariya. Ba a gama dariyar ba, ruwan ya kwanta lif, kamar an shimfiɗa tabarma. Goran kaɗai ke yawo.

Nomau ya faɗa ruwa. Ya nutsa ya taso, ya sake nutsawa, har jini ya fara zubo masa ta hanci. Daga ƙarshe tsohon kadan ya taso a gabansa.

"Wasa nake yi," in ji Nomau. "Taubashina ne, haka muke tun muna yara. Kowa a nan ya san wasa ne."

"Kowa ya sani, ban da ni," in ji kada. "Na gaya maka tun ranar farko. Ya kira ka, ka ji. Ka ba ni shi da bakinka."

"To ɗauke ni, ka sake shi."

"Ba a ba ni kai ba."

Da la'asar ruwa ya turo gawar Arzika gindin tudu, furen bado a damƙe a hannunsa.

Bayan an yi sutura, mutanen tunga suka taru. Wasu suka ce a tashi a bar wurin, wasu suka ce a kewaye tafkin da ƙaya, kada ɗan kowa ya sake taka shi. Nomau ya kawo bakansa da kwarinsa ya ajiye gaban goggonsa, ya ce ta yanke masa abin da ta ga dama, ko kora ko kisa. 

"Idan na kore ka, na rasa biyu," in ji Tamu. "Idan aka rufe tafkin, an kashe wurin da ɗana ya fi so a duniya. Ba za ka tafi ba. Za ka zauna gindin tsamiyar nan, idonka a kan ruwa. Duk wanda ya yi kira, ka amsa, ko da ka san ƙarya yake yi. Masu wasa kuma su sauke wasansu a nan kafin su gangara."

Haka aka yi. Nomau bai sake shiga daji ba, ba a kuma sake jin dariyarsa ba. Makaɗa suka daina kirarinsa, don ya roƙe su. Ya tsufa a gindin tsamiyar, ya ciro mutane da yawa daga ruwa, wasunsu ma ba abin da ya same su. An ce ranar da ya rasu, wani ɗan baƙo ne ya yi ihu don tsoron ƙaguwa, tsoho ya tashi da rawar jiki ya shiga, ya miƙo yaron, shi kuwa numfashinsa ya ƙare a kan yashi. A nan aka binne shi.

Har yau ana zuwa tafkin da kaka. Yanzu da motoci da babura ake zuwa, da kuloli da tabarmin roba, matasa suna ɗaukar hoto da waya. Amma kowa yakan tsaya a tsamiyar. Taubashi ya dubi taubashinsa, Bafillace ya dubi Babarbare, jika ya dubi kakarsa, a ce, "Na sauke." Ɗayan ya ce, "Ni ma na sauke." Daga nan har a fito, ba mai kiran wani bawansa, ba mai ba da wani kyauta ko da fatar baki. Idan kuwa aka ji kira daga cikin ruwa, ba a tsayawa tambayar ko da gaske ne.

Sai an hauro tudu, an wuce kabarin, mutum yake juyowa ya ce wa abokin wasansa, "Na ɗauka." Tsofaffin tunga sun ce a nan ma a ɗan ƙara gaba kaɗan, don mai kabarin bai ɗauki nasa ba har ya mutu.