Wakilin Nafi'u

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Unguwar Gawo akwai wasu aminai uku da suka tashi tare tun suna wasan ƙasa: Ubale mai gyaran lantarki, da Mudi shugaban 'yan sintiri, da Tanimu mai walda. Kullum cikin musu suke, amma ba a taɓa ganin ɗaya yana cin tuwo ba tare da biyun ba. Shekarar da ƙwacen waya ya addabi unguwar, gwamnati ta aiko da tallafin tsaro, mai unguwa ya tara mutane a ji yadda za a yi da shi. Ubale ya ce kyamara, Mudi ya ce oba-oba ta magana tsakanin 'yan sintiri, Tanimu ya ce a buɗe wa samari wurin koyon sana'a. Da mai unguwa ya ga za su cinye masa yini, sai ya raba musu aikin, kowa ya je ya yi nasa.

Ubale ya kafa kyamarorinsa a kan turaku. Ba a daɗe ba magidanta suka zo masa rai a ɓace, wai ta bakin kasuwa tana leƙa katanga, tana kallon matansu suna daka a tsakar gida. Rantsuwa babu irin wadda bai yi ba cewa ba ta hango komai, ba su yarda ba. Ya hau tsani ya karkatar da ita, ta koma kallon lungun da rumfar Tanimu take. Aka yi ta yi masa dariya, wai gwamnati ta sayo ido don kallon ƙeyar mai walda. Shi dai bai fasa hawa duk mako yana goge mata fuska yana duba batirinta ba.

Mudi kuwa ya raba wa yaransa oba-oba, sai dai mutanenmu ba sa fara magana babu gaisuwa. Kafin a gama ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, ɓarawo ya tsallake titi. Mudi ya sha fama kafin ya koya musu cewa a wannan na'ura kaɗai, rashin gaisuwa ba rashin tarbiyya ba ne.

Shi Tanimu samari sun zo masa da yawa, amma hankalinsa na kan wanda bai zo ba. Nafi'u sunansa, maraya ne, ba uwa ba uba, kuma kowa ya san hannunsa a ƙwace. A wani kango yake yini da abokansa. Tanimu ya riƙa zuwa kangon yana zama a kan bulo, su zage shi, ya yi murmushi, gobe ya dawo da ƙosai. Ranar da Nafi'u ya biyo shi rumfa, sauran masu koyo suka ɓoye wayoyinsu. Tanimu ya ciro tasa ya miƙa masa, ya ce, "Riƙe min, ɗana, kai ne mai amsa kiran masu aiki daga yau." Wallahi yaron nan sai da ya juya baya ya share ido. Kafin shekara ta zagayo, ƙofar da Nafi'u ya haɗa sai ka rantse daga kamfani ta fito.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, aka soki wani ɗan tireda aka gudu da wayarsa. Can an jima sai ga Nafi'u ya fito daga lungu da guntun rodi a hannu zai kai wa mai gini. Wani ya ce, "Ga shi nan, ai halinsa ne!" Shi ke nan jama'a suka rufe shi. Har an mirgino taya, wani ya tafi neman fetur.

Wani ɗan sintiri ya danna oba-oba, babu ko sallama, ya ce, "Baba Mudi, bakin kasuwa, za su ƙona Nafi'u!" Mudi da ƙibarsa da ciwon gwiwarsa ya zo a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ratsa taron ya kwanta a kan yaron, ya ce duk mai son ƙona shi ya haɗa da shi. Dutse ya fasa masa goshi, bai ɗaga ba har motar 'yan sanda ta iso.

Rai ya tsira, amma magana ba ta ƙare ba. Ɗan tiredan da ya farfaɗo ya ce shi dai kamar Nafi'u ya gani, kuma tsohon suna ya riga ya yi masa shaida. Gidan yari kawai ake jira. Ubale ya rufe shagonsa ya zauna gaban allo yana bin hotuna har idanunsa suka yi ja. Kyamarar nan da aka mayar abin dariya, ita ta nuna Nafi'u a durƙushe yana walda tun safe, bai motsa ba sai bayan an yi sukar. Ubale ya kai wa alƙali hoton da hannunsa, aka sallami yaron. Daga baya aka kama mai laifin, ashe tsohon abokin zaman Nafi'u ne na kango.

Bara Nafi'u ya nemi Lubabatu 'yar mai shayi, aka ba shi. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, ga goro ga alawa, liman ya gyara zama ya ce, "Ina wakilin ango?"

Mutum uku suka matso gaba lokaci guda, kowa da sabuwar babbar riga, domin kowa ya ɗinka tasa a ɓoye bai gaya wa 'yan uwansa ba.

Mudi ya taɓa tabon goshinsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba don na kwanta a kansa ba, da toka za a ɗaura wa aure."

Ubale ya ce, "Ka cece shi daga wuta, gaskiya ne. Amma ba don hotona ba, da yanzu yana gidan yari, wa zai ba shi 'ya?"

Tanimu ya ce, "Hotonka me ya nuna? Yaro yana walda. Da na bar shi a kango, da kyamararka ce za ta kama shi."

Aka aika a tambayi ango, yana can bayan sahu da abokansa. Nafi'u ya sunkuyar da kai hawaye na zuba, ya ce shi da ya tashi ba mai kiransa ɗa, yau ba zai iya buɗe baki ya mayar da biyu baya ba, dukansu Baba yake ce musu. Liman kuwa ya ce baki ɗaya ne zai ce na karɓa masa, ba uku ba.

Ga jama'a a zaune rana na dukansu, ga amarya can gida an gama ƙunshi ana jiran labari. To, ku da kuka ji komai, tsakanin Mudi da Ubale da Tanimu, wa ya fi cancanta ya karɓa wa Nafi'u aure?