Sandar da Janar Ya Sunkuya Wa

A bakin wani barikin soja akwai wani masassaƙi, Makau, mai rumfar turame da muciyoyi. Wata rana Kanar Barau, mai bariki, ya sa aka kira shi.

Kanar ya ce, "Janar zai zo rangadi. Ina son sandar girma wadda duk wanda ya gan ta sai ya sunkuyar da kai, har shi Janar ɗin. In ka kasa, rumfarka ta tashi."

Makau ya ce, "Ranka ya daɗe, ice ne fa."

"Ban tambaye ka ba."

Ranar rangadi Makau ya kawo wata 'yar sanda sumul, ba azurfa, ba ado. Kanar ya fusata.

Makau ya ce, "Asirin yana bisa kanta, ranka ya daɗe. Rubutu ne, kuma sai mai kaifin ido yake iya karanta shi."

Janar yana kusa, ya ji. Ya ce, "Ni har yau ban san tabarau ba. Riƙe mini nan, Barau."

Kanar ya riƙe sandar daidai cibiyarsa. Janar ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, har hularsa ta faɗi gaban sojoji.

Ya karanta a fili: "Ya isa haka, ɗago."

Janar ya ɗago, ya dubi Kanar. Kanar kuwa gumi ya karyo masa.

"Wa ya ce a yi wannan?"

Makau ya durƙusa ya ce, "Ni dai sassaƙa ce tawa, ranka ya daɗe. Umarni na mai riƙe da ita ne."