Turancin Hakimi Sai da Tafinta

An yi wani hakimi mai ji da kai, aka ce masa Turawa za su zo buɗe asibiti a garinsa. Ya sa aka kirawo Malam Jatau, malamin firamare.

Ya ce, "Da Turanci zan yi jawabi. Kalmomin duk na sani, jera su kawai za ka koya mini. Kada ka kuskura ka gyara mini magana. In kuma baƙi suka yi mini dariya, ka bar garin nan."

Jatau ya rubuto kalmomi a gutsattsarin kwali. Hakimi ya jera su yadda yake zaunar da mutane a fada, dogaye a gaba, gajeru can baya.

"Yaya ka gani?"

Jatau ya dubi wannan kwamacala ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai Turancin manya ne. Baƙin nan talakawan ƙasarsu ne, sai an sassauto musu da shi. Ko so kake ka sauko matsayinsu?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Kai za ka sassauto musu."

Ranar taro hakimi ya yi ta zuba, Jatau na maimaitawa, kowace kalma a mazauninta. Ba wanda ya yi dariya.

Da aka tashi, shugabar baƙin ta ce da Turanci, "Hausar nan taku akwai daɗi. Wani wurin har kamar Turanci."

Hakimi bai gane komai ba, amma ya gyara rawani ya ce, "Jatau, gaya mata ni na koya wa kaina."