Takarda Ta Goma A Gwangwanin Maɓallai

Akwai wani tela da ake kira Dogo, mutum ne mai riƙo na ban tsoro. In ka taka shi yau, bayan shekara goma zai gaya maka launin takalmin da ka saka.

Abokin gabarsa Gajere ne, telan shago na biyu. Shi ne ya taɓa ɗaga wani wando da Dogo ya ɗinka a tsakiyar layi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya ce, "Jama'a, wa ke da gurgu a gida?" Aka yi ta dariya. Tun ranar Dogo ya rantse sai ya rama.

Ana nan sai aka gina sabon shago a bakin layin, yana kallon titi, inda duk mai wucewa zai fara tsayawa. Shaguna goma ne a layin, kowa na so. Shugaban teloli ya ce ƙuri'a za a yi: takardu goma a gwangwanin maɓallai, ɗaya kaɗai ke da alama, kowane shago ya zari ɗaya bisa jerin lambobi.

Dogo na da shago biyu, na ɗaya da na goma. Ke nan sau biyu zai zara.

Amma samun shagon bai dame shi kamar a ce Gajere ya rasa ba. Ya je ya sami shugaba a keɓe.

"Ranka ya daɗe, ka mayar da Gajere ƙarshe, gurbina na goma. Kai kuma ka zara a gurbinsa, na bar maka zarata ta biyu."

Shugaba kuwa me zai yi in ba murna ba!

Da Dogo ya koma gida yana washe baki, sai ya ba 'yarsa labari, malamar lissafi ce. Ta riƙe baki.

"Baba, me ka yi haka? Na farko da na ƙarshe duk ɗaya ne, kowa ɗaya cikin goma yake da shi. Kai kaɗai ke da biyu cikin goma, ka kyautar da rabi!"

"Ke tafi can! Kafin a zo kansa mutum tara sun wawushe."

"In ba su dace ba fa? Duk wanda ya zari fanko, rabon na baya yake ƙarawa."

"Lissafinki ya tsaya a allo," in ji Dogo.

Ranar ƙuri'a Dogo ya fara zara, yana hararar Gajere. Fanko. Bai damu ba. Shugaba ya zara, fanko. Na uku, na huɗu, na biyar, duk haka.

Da aka kai na bakwai, murmushin Dogo ya fara tsinkewa. Da na takwas ya buɗe tasa ba komai, gumi ya jiƙa masa riga. Saura takarda biyu. Wallahi Dogon da bai taɓa yi wa na tara fatan alheri ba, ranar har addu'a yake masa a fili.

Na tara ya buɗe. Fanko.

Gajere bai ko miƙa hannu ba. Shugaba ne ya juye gwangwanin, takarda mai alama ta faɗo kan tebur.

Gajere ya ɗauka, ya tako har gaban Dogo, ya ɗan rusuna.

"Yaya Dogo, ashe gurbin nan naka ne? Allah ya saka da alheri. Duk wandon da ya karkace maka, kawo bakin titi in daidaita."

Har yau, kullum safe, sai Dogo ya wuce ta ƙofar shagon nan kafin ya isa nasa.

Darasi: A ƙuri'ar gaskiya na farko bai fi na ƙarshe ba, na ƙarshe ma bai fi na farko ba, yawan takardunka ne yawan damarka. Kada ƙiyayya ta sa ka zubar da abin da ke hannunka don ka hana wani. Ku tura wa masu riƙon da kuka sani, ko sa sassauta.